Ƙanwar Gyauro

Yanzu har abincin dabba a buhu ake sayar da shi, da rubutu a jikinsa kamar maganin asibiti. Na gani da idona a kasuwar Madawa ranar da aka ɗora ni bayan moto aka kai ni awon ido. Ga dusa a buhu, ga guryar auduga da aka matse, ga wani dunƙulen gishiri mai kusurwa huɗu da aka ce tumaki ke lasa. Na tambayi mai rumfar wa ya koya masa wannan haɗi, ya ce ai masu bincike ne suka tsara, har ya ambaci wata mace ƴar ƙasar Adar da ake jin muryarta a rediyo. Ban ce masa jikata ce ba. Na bar shi yana yi mini bayanin yarinyar da ta sha yi mini fitsari a wuya.

Ta fara daga lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, ta yi ta tafiya har ƙasashen da bakina ba ya iya faɗin sunansu. Aikinta, in na fahimta, shi ne ta auna abin da dabba ta ci, ta auna abin da ta fitar, ta rubuta. Takardun da ta rubuta an ce sun yi yawa, ɗalibai na karanta su a jami'a, ma'aikatan kiwo na yawo da su ƙauye ƙauye, kuma malaman wasu ƙasashe in za su yi magana kan harawa da ƴaƴan gawo sai sun kira sunanta. Da ta zo ganin gida bana na ce mata, "Ke amarya, wai da gaske kashin tumaki kika aunawa har anka ba ki babbar takarda?"

Ta ce, "Shi na, tsoho. Kai da kag girma kana kwasa tai kyauta, mi anka ba ka?"

Na yi dariya har da tari. Sai ta buɗe ɗaya daga cikin takardun tana juya mini shi da Hausa, wai in ji ko akwai ƙarya a ciki. Ta zo wurin dawa. Ta ce dawa in tana ƙarama ba ta kai gwiwa ba, fari ya buge ta ta yi yaushi, sannan ruwa ya sauka ta farfaɗo, to ganyenta na tara dafi. "Wani asid na, Kaka. Bisa, saniya ko tunkiya, in ta ci da yunwa ba ta daɗewa. In anka yanka ta, jinin ja wur shike, ya hi na kullum haske."

Na ce, "Ke kig gano wanga?"

Ta ce, "A'a, ni dai na auna dawar ƙasarmu iri iri. Makiyaya sun sani tun da."

Na ce mata idona na ciwo, na tashi na shige ɗaki. Abin da na kasa gaya mata ranar shi nake so in fitar yanzu, tun da sauran numfashi, don na san makiyayi guda da ya sani, kuma ni na fara ɗora hannu a kansa.

A zamanin da nake saurayi ƙauyenmu na tsakanin duwatsu, kan hanyar da ta tashi daga Buza ta nufi Keita. Ba mu san buhu ba. Da asuba ƙarar turmi ke tashin mutum, kuma tun kafin a tuna da cikin ɗan Adam an tuna da na dabba. Inna ta tsiyaye ƙasari, ruwan wankin hatsi, ta zuba a kwatarniya, ta barbaɗa dusa da ɗan gutsuren kanwa, tumaki su taso suna ture juna. Da kaka mu tuge harawa mu naɗe ta mu ɗora kan rumfa inda akuya ba ta kaiwa. Da rani mu bi gindin gawo da ƙugiya muna kakkaɓo ƴaƴa, kana jin su suna zuba ƙwaras ƙwaras a kan fako. Babu wanda ya auna komi. Tsofaffi kan shafa bayan rago su ce ya sha kanwa ko bai sha ba, kuma ba su cika kuskure ba. Yau yaro na riƙe da waya yana tambayar wani a birni abin da zai ba akuyarsa, akuyar kuwa tana gefe tana cin leda.

Shanu dai ba aikinmu ba ne. Mu manoma ne, in mun sami rara mu sayi maraƙa mu ba makiyayi amana. Namu makiyayin sunansa Juli, Bafillace ne dogo siriri, mai magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Rugarsa na bayan gari, shanun gidaje da yawa na hannunsa, tara daga ciki na babana. Shi ke shan nono, mu ke samun taki in ya sauka gonarmu bayan girbi, matarsa kuma ƙawar Inna ce, su yi musayar nono da hatsi ba tare da mudu ba. Juli kan tsinki ciyawa ya murza ya shinshina, wani lokaci ya tauna ya tofar, sannan ya bar shanu su ci ko ya kore su gaba. Mu samari mukan yi masa dariya mu ce ya kusa fara tuƙa. Ni na fi kowa iya shegen, don lokacin ina ji da kaina. Ni ne ɗan kokowar garin, bayana bai taɓa taɓa ƙasa ba a dandali uku, kuma na ɗauka ƙarfi shi ne hankali.

Sai aka shiga shekarun da Nasara ke yaƙinsu can ƙasarsu, mu kuma muna biyan wahalar a nan. A kama maza a kai aikin tilas, a kwashe hatsi, a kori shanu. Gardin kumandan, wato dogaran Baturen mulki, kan zo su biyu ko uku bisa dawakai da bulalar fatar dorina, su tsaya gaban garke su nuna da baki, wadda aka nuna ta tafi ke nan. Na ga an ɗaure dattijo a gindin bagaruwa an zane shi har riga ta manne da bayansa don ya ce saniyarsa na da ciki. A wannan damina kuma ruwa ya ɗauke bayan shuka ta fito, aka yi kwana ashirin ko fiye sama ba ta ce komi ba. Shuka ta kwanta, ciyawa ta ƙone, shanu suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Kwana biyu bayan ruwa ya dawo, labari ya iso cewa gardi na garin da ke gabanmu, gobe ko jibi mu ne.

Dattawa suka taru a ƙofar gidanmu suka yanke shawarar ɓoye shanu. Akwai wani kwari tsakanin duwatsu biyu, ba a hango shi daga hanya, a cikinsa akwai gonar dawar ƙanen babana wanda aka tafi da shi aikin tilas. Gonar ba mai nome ta, dawar ba ta kai gwiwa ba, ta yi yaushi ta farfaɗo kore shar. Ga maɓoya ga abinci, aka ce Allah ne ya kawo. Aka kira Juli aka gaya masa. Ya ce wa babana, "Malam, kak ku sa su cikin dawar ga. Gyauro ta."

Gyauro kowa ya san shi, tohon da kututturen dawa ke yi bayan an yanke ta, kuma ko yaro ya san yana kashe dabba. Amma wannan dawa ce tsaye da ba a taɓa sa mata lauje ba. Babana kuwa a kan dawa ba ya ɗaukar gyara, shi ake zuwa tambaya wajen iri.

Ya ce, "Ni zaka koya ma dawa, Juli? Gyauro sai bayan girbi. Wa yag girbe wagga?"

"Rana tag girbe ta, Malam. In ba gyauro ta ba, ƙanwar gyauro ta. Ku ba ni su in yi arewa da su, in gardi sun wuce in maido."

Nan hankalin mutane ya tashi. An riga an ji cewa a wani gari makiyayi ya yi arewa da shanun amana bai dawo ba, a wani kuma an ce makiyayi ne ya nuna wa gardi maɓoya. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba har yau. Babana ya ce shanunsa ba za su bar ƙasar nan ba. Juli ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To in kunka sa su da yunwa, kahin azahar wuƙa za ku nema."

Wani dattijo ya ce, "Kun ji ko? Baki shika yi muna." Bayan ya tafi aka yi ta juya maganar, aka ce baki shi ke yanka wuya. Gargaɗi ya yi mana, mu kuwa muka ji barazana.

Washegari da sassafe muka kwance shanun daga rugarsa yana tsaye yana kallo. Bai hana ba, ya dai ce a ba su busasshen kara tukuna su toshe ciki, ba wanda ya bi ta kansa. Muka kora su kwarin, suka faɗa wa dawar nan kamar za su haɗa da ƙasa. Sauran mutane suka koma gonakinsu kusa da wurin don kada a ga gari wayam a yi zargi. Ni aka ce in hau kan dutse in tsare hanya, in na hango ƙurar dawakai in yi kuwa.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Daga kan dutsen ina ganin kwarin duka. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ga farar saniyar babana ta yi tangaɗi, ta durƙusa, ta kife. Na ce a raina ƙoshi ne. Wata ja ta bi ta. Bayan nan, bayan nan fa, na hango Juli ya ɓullo ta bakin kwarin a guje, da gora a rataye. Ya yi ta korar na tsaye da sanda yana fitar da su daga gonar, sannan ya durƙusa kan farar ya buɗe bakinta yana ɗura mata abin da ke cikin gorar. Na san ta faɗi kafin ya iso. Idona ya gani. Amma abin da ya fito daga bakina, da dukan muryar da Allah ya ba ni, shi ne, "Ku taho! Juli na ba shanu dahi!"

Na gangaro dutsen ban san inda nake sa ƙafa ba. Bai ji zuwana ba, hankalinsa na kan saniyar. Na kama shi ta baya irin kamun dandali, na ɗaga shi sama, ba shi da nauyi ko kaɗan, na maka shi kan duwatsu. Na ji wani abu ya ce ƙas a jikinsa. Kafin ya yunƙura mutane sun iso da hauyoyi da sanduna. Kwarin ya cika da kukan shanu, wasu na shure shure, kumfa na fita bakinsu, idanu sun firfito, numfashi kamar zugazugin maƙera. Juli na ƙasa yana ɗaga gorar yana cewa, "Nono na da kanwa! Ku ɗanɗana ku ji!" Ba wanda ya ɗanɗana. Wani ya sa ƙotar hauya ya fasa gorar tare da hannun da ke riƙe da ita.

Rabin mutane suka zare wuƙaƙe suka bi shanun da ke shure shure don kada su zama mushe. Babana da kansa ya yanka farar. Jinin ya yi tsartuwa ja wur, wani irin ja mai haske da ba mu taɓa gani a jikin dabba ba. Ya ɗaga wuƙar ya nuna wa jama'a ya ce, "Kun gani? Wanga jinin bisa na?" Daga nan babu sauran mai riƙe wani. Sanduna suka sauka a kan Juli kamar ana sussuka. Ya dunƙule ya rufe kai, aka ja ƙafarsa aka miƙe shi. Na ga haƙoransa a ƙasa. Ni sandata na bar ta kan dutse, sai na sunkuya na ɗauki dutse cikin hannu biyu. Ya ɗago ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan ya rufe da jini, ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina tatata. Na sauke masa dutsen a gefen kai. Ba wanda ya sa ni. Ina so a ce ni na fi kowa kishin dukiyar ubana, kuma ina so ya daina kallona.

Inna ce ta raba. Ta taho da gudu daga gona, ta ratsa maza ta faɗa kansa da jikinta, sanda ɗaya ta same ta a kafaɗa kafin hannuwa su tsaya. Ta ce, "Ku ida da ni! Nonon gidan mutumen ga kunka sha kunka yi ƙarhin dukan!" Maza suka ja da baya suna haki. Aka ɗauke shi a kan asabari aka kai rugarsa.

Fiye da rabin shanun suka mutu a kwarin. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda ya kora waje, amma ranar ba wanda ya lissafa haka. Naman kuwa ga yunwa ga tsoro, ba wanda ya yarda ya kai shi bakinsa, muka bar wa ungulu. Juli ya kai hantsin washegari ya cika, bai sake magana ba. Mu shida muka binne shi, liman na bakwai, shi ma sai da Inna ta je ta tsaya masa a ƙofa. Ƙasar wurin dutse ce, muka ɗan tona sama sama muka sa shi muka jera duwatsu. Matarsa ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ɗaure ƙorenta, ta kora ƴan shanunsu, ta yi arewa da ƴaƴanta, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Gardi suka zo suka ga gawarwakin shanu, aka ce musu annoba ce, suka toshe hanci suka juya. Ba su tambayi makiyayi ba, mu ma ba mu ce akwai shi ba.

A dandali aka fara yi mini kirari, wai na kayar da maye. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga. Duk inda na zauna sai in ga farar saniyar tana kifewa, bakin kwarin kuma babu kowa. Ina da rago guda da nake kiwo a turke don aurena, na fi wata takwas ina ba shi harawa da hannuna, in na shigo gida shi ke fara gaishe ni. Kwana uku bayan jana'iza na hana shi abinci tun safe, da rana ta take na kwance shi na ja shi zuwa kwarin. Ban gaya wa kowa ba. Ina tafe ina roƙon Allah ragon nan ya ci ya ƙoshi ya bi ni gida, don in ya rayu to Juli mai dafi ne, ni kuma ba mai kisan kai ba ne. Ban taɓa roƙon wani abu da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Wari ya cika wurin, ungulaye suka ɗan matsa suka ba mu hanya. Na sake shi a gefen da shanu ba su taka ba. Ya ci da murna, yana kaɗa bindi. Na zauna a kan dutse ina kallon inuwata, ta matsa kamar tafin hannu, na fara jin sanyi a raina. Sai ya daina ci. Ya buɗe ƙafafu, ya miƙa wuya yana neman iska, jikinsa ya ɗauki rawa. Ya yi taku biyu zuwa wurina ya faɗi. Na sa masa wuƙa ina kuka kamar yaron goye, jinin ya zubo a kan ƙafata, ja wur.

Na koma gida na sami babana shi kaɗai a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Na ce ya zo ya gani. Ya biyo ni ba tambaya. Ya tsaya kan ragon, ya dubi jinin, ya dubi dawar, ya tsinki ganye ɗaya ya murza a yatsunsa ya daɗe yana kallonsa. Na ce, "Baba, Juli na cikin ƙasa kwana ukku. Wa yab ba wanga dahi?" Na ce masa kuma farar ta faɗi tun Juli bai iso ba, na gani. Ina jira ya mare ni, ko ya yi salati, ko ya ce mu je wurin liman. 

Ya ce, "Wa yag gane ka da kaz zaka nan?"

Na ce, "Babu kowa."

Ya miƙo mini hauyar da ke hannunsa. "To gina rami ka turbuɗe shi. Kak ka bar ko ƙaho waje. In uwarka ta tambaya, kura ta ɗauka."

Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba. Na yi ta haƙa tun azahar har rana ta yi ja, ina ciro duwatsu da hannu, farcena biyu suka fita. Ban tsaya ba sai da ramin ya kai mini ƙirji, don kada kura ta tono ragon mutane su gani. Juli, da muka binne shi mu shida, raminsa bai kai mini cinya ba.